Yadda ake yi wa ɗan'uwa gyara a hotonsa ba tare da an kashe masa gwiwa ba

Akwai wani yaro da har yau in na tuna shi sai raina ya sosu. Shekarun baya ne, a fadar da muke zaman shayi da yamma a unguwar Zongo, nan Zinder, mu ƴan sha'awar ɗaukar hoto. Ya miƙo mini salularsa, gilashinta duk ya tsage, da hoton wani baduku a Birni yana ɗinkin jaka. Ko kallon kirki ban yi ba na buɗe baki: hoton ya karkace, bango ya ƙone da haske, ka yanke masa ƙafa, ga bokitin roba a baya, ga fuska ta yi duhu. Ba ƙarya ko ɗaya a cikin abin da na lissafa. Ya ce, "To Yaya, na gode," ya mayar da wayar aljihu, ya sha shayi na farko, bai jira na biyu ba. Ba mu sake ganinsa ba. Daga baya na ji ashe badukun mahaifinsa ne, kuma hannuwan tsohon yake so a gani, waɗanda ni ko lura da su ban yi ba.

Hausawa sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ni ranar nan sauke masa kayan na yi, na watsa. Tun daga lokacin na sake hanya, kuma ita zan shimfiɗa a nan don wanda aka fara miƙo wa waya ana cewa "duba mini wannan".

Kayan aiki

Na farko shi ne hoton na asali, kuma shi aka fi yin sakaci da shi. Idan aka turo hoto ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar tana matse shi don ya yi saurin tafiya. Ƙananan abubuwa sai su narke, bayanan da kyamara ta rubuta a jikinsa kuma su goge. Ka ce a turo maka ta inda aka rubuta Document. In kuɗin intanet ya hana, a tura ta Bluetooth, ko ka karɓi wayar mai shi ka kalla a can. Na sha zargin mutum da rawar hannu alhali matsewar turawa ce ta ɓata hoton.

Na biyu, abin kallo. Kwamfuta ta fi, amma in babu, a nemi wayar da ta fi faɗin fuska a zaman. Goge ta da gefen riga mai laushi, kashe wannan tsarin dare da ke mayar da fuskar waya ruwan ɗorawa, ka ajiye haskenta tsaka-tsaki. A zauna a inuwa, cikin zaure ko ƙarƙashin rumfa. Wanda ya duba hoto a tsakar rana zai ce duk ya yi duhu, wanda ya duba cikin duhu da hasken waya a ƙure zai ce duk ya yi kyau. In da hali a kai wa mai wanke hoto ya fitar da shi a takarda, ko da ƙaramin nan ne mai santimita 10 da 15, don takarda ba ta canza launi daga hannu zuwa hannu.

Na uku, kwali biyu da aka yanka kamar harafin L. Ni daga kwalin sukari nake yankan nawa, faɗin yatsa biyu, tsawon tafin hannu. Idan ka haɗa su suna zama taga mai buɗewa da rufewa, ka ɗora a kan hoto ka nuna wa mutum yadda zai kasance in an datse gefe, ba tare da ka taɓa masa hotonsa ba. In babu kwali, tafukan hannu biyu sun isa.

Sai ƙaramin littafi da bik. Sai kuma hotonka na kanka, wanda ka san yana da aibi. Wanzami ba ya son jarfa, amma duk wanda zai yi wa wasu gyara, nasa ya kamata a fara shimfiɗawa a tabarma. In sabon zuwa ya ga an ce wa babba "nan ka kuskure" kuma babban ya yi dariya ya amsa, sai ya saki jiki.

Kada kowa ya kawo fiye da hoto uku a zama ɗaya. Wanda ya zo da hotuna 60 na hawan Sallah, a ce ya je gefe ya zaɓi uku. Zaɓen kansa rabin karatu ne.

1. Ka tabbata gyaran aka nema

Ba duk mai nuna maka hoto ke neman gyara ba. Wani murna ce ta kawo shi: an yi masa haihuwa, ya ɗauki jaririn, yana so ka ce barka. Ka ce barka, ka yi addu'a, ka rufe bakinka a kan haske da inuwa. Idan ba ka gane ba, tambaya: "Nuna mini kake yi, ko so kake mu duba shi tare?" In ya ce a duba, sai ka ƙara: "Akwai wurin da kai kanka yake damunka?" Sau da yawa ya riga ya san inda ɗakinsa ke yoyo, sunan abin ne bai sani ba.

2. Kalla, ka yi shiru

Minti ɗaya cur. Ka gwada da agogo, za ka ga ya fi tsawo yadda kake zato. A cikinsa abu uku nake yi. Ina rufe ido in buɗe, in lura da inda idona ya fara sauka, domin nan ne hoton yake kai mai kallo, ko mai shi ya so ko bai so ba. Ido kullum yana gudu zuwa wuri mafi haske, ko launi mafi ƙarfi, ko fuskar mutum. Sannan in bi gefuna huɗu da kallo kamar mai zagaya gona, don a can ne ɓarna ke ɓuya: rabin babur, baƙar leda, gwiwar hannun wani. Daga ƙarshe in miƙa hannu in nisanta wayar har hoton ya zama ƙarami. Idan a ƙanƙance har yanzu ana gane abin da ake nufi, ƙashin bayan hoton lafiya lau yake.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a sa yatsu biyu a buɗe hoton tun kafin a gan shi gaba ɗaya. Duk hoton duniya in ka buɗe shi har ƙarshe zai fashe. Buɗewa tana da lokacinta, yana tafe.

Abin da ka gani, rubuta a littafi, kada ka furta tukuna.

3. Tambayi mai hoton

Tambayoyina ba sa wuce huɗu: me ya tsayar da kai ka ɗauka, ƙarfe nawa ne, da me ka ɗauka, kuma akwai abin da ya hana ka matsawa? Ta ƙarshen nan tana da muhimmanci a garin nan. Wanda ya ɗauki mahaya a ƙofar fadar Sarkin Damagaram ranar Sallah, inda dogarai suka tsayar da shi nan ya tsaya. Ka ce masa "da ka matsa kusa" ba gyara ba ne, rashin sanin wurin ne. Haka wanda ya ɗauki hoto a lungunan Birni, inda in ka ja da baya taku biyu bayanka ya taɓa bangon maƙwabci.

Idan hoton na asali ne, shiga inda waya ke rubuta Détails ko Infos. A nan za ka ga sa'ar da aka ɗauka, da lambar ISO, mai nuna yadda kyamara ta ƙara ƙarfin kama haske, da saurin ƙiftawar kyamara, wato irin 1/30 ko 1/500 na daƙiƙa. Waɗannan lambobi suna raba gardama da yawa. In bayanan sun goge, inuwa za ta faɗa maka lokaci: gajeriyar inuwa a ƙarƙashin ƙafa tsakar rana ce, doguwa kuwa safiya ce ko bayan la'asar.

4. Faɗi abin da ya yi daidai, ka ɗora yatsa a kansa

"Ya yi kyau wallahi" ba ta koya wa kowa komai. Yabon da ke da amfani shi ne wanda mutum zai iya maimaita abin gobe da gangan. Ka ce: "Ka ga yadda ka jira har mai tallar nan ta iso daidai bakin ƙofa kafin ka danna? Shi ya tsayar da hoton." Ko: "Da yake ka ɗauki zanen bangon nan rana na gefe, duk tudu da kwarin zanen sun fito." Wannan na biyun gaskiya ce da kowa ya kamata ya sani game da gidajen Birni da na Zongo masu ado a fuska: da tsakar rana zanen kwanciya yake yi, sai hasken da ya zo daga gefe ke tashe shi.

Kada ka yi yabon ƙarya don share fagen suka. Mutane ba yara ba ne, suna jin "amma" tana tafe tun daga nesa, sai su daina sauraron yabon. Idan ka duba ka rasa abin yabo a hoton, yabi abin da idonsa ya hango: "Wurin nan da ka zaɓa, mu duka muna wucewa ta nan ba wanda ya taɓa tsayawa."

5. Gano ainihin ciwon kafin ka ba da magani

Nan ne aikin yake, kuma nan ne masu gyara da yawa suke ba da maganin ciwon kai ga mai ciwon ciki.

Ɗauki hoton da ya yi dishi-dishi. Kowa na iya cewa "bai fito ba", amma dalilan sun kai biyar, kowanne da maganinsa daban. Yanzu ne za ka buɗe hoton da yatsu. Idan komai da komai ya ja gefe guda, har bango da ƙasa, hannun mai ɗauka ne ya motsa. Duba lamba, za ka tarar da irin 1/15 ko 1/8. Maganinsa ya manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ko ya jingina da bango, ko ya nemi ƙarin haske. Idan bango ya fito tas amma doki ya zama hayaƙi, hannunsa lafiya, dokin ne ya fi ƙiftawar kyamara sauri. Mutum mai tafiya 1/250 ta ishe shi, amma dokin da ke sukuwa ko ƴan kokowa a lokacin kaye suna son 1/1000 ko kusa da haka. Idan kuma fuskar mutum ta yi garara amma itacen da ke bayansa ana ƙirga ganyensa, kyamara ce ta kafa ido inda ba a aike ta ba. A waya, maganin ya taɓa fuskar mutumin da yatsa kafin ya danna. Na huɗu, hoton da duk fitilar da ke cikinsa ta yi wani farin hazo a kewaye: wannan ba komai ba ne illa maiƙon yatsa da ƙura a idon kyamara. Juya wayar ka nuna masa, ya goge, ya sake ɗauka a gabanka. Na biyar, wanda ya tsaya nesa ya jawo abu da yatsu har hoton ya zama kamar an shafa masa kunu. Yawancin wayoyi ba jawowa suke yi ba, yanko tsakiya suke yi su kumbura shi. Maganinsa ƙafa.

A lokacin hunturu kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu, akwai ranakun da hazo ke rufe garin har duwatsun Birni su dushe. Hoton nesa a irin wannan rana fari-fari zai fito ko da wace kyamara. Kada ka ɗora wa mai hoto laifin iska. Abin da za ka gaya masa shi ne hazon nan da ke kashe hoton nesa shi ne yake tausasa haske a fuskar mutum, don haka ranar hazo ranar hoton kusa ce.

Sai matsalar da ta fi kowacce yawa a wurinmu: farar riga da baƙar fuska. Ranar Juma'a ko Sallah mutum ya sha farar shadda ya tsaya a rana, hoto ya fito riga tas, fuska kamar gawayi. Dalilin shi ne kyamara kullum tana ƙoƙarin mayar da abin da ta gani tsaka-tsaki, ba fari ba ba baƙi ba. Da fari ya cika mata ido sai ta rage haske, fuska ta tafi. In an ƙara haske da yawa kuma rigar ta ƙone, aikin da aka yi a wuyanta ya ɓace, kuma farin da ya ƙone ba manhajar da ke dawo da shi, alhali inuwa ana iya ɗan ɗaga ta daga baya. Don haka shawarar da ta fi ita ce ta wuri: a shigar da mutumin inuwar zaure, fuskarsa na kallon ƙofa. In ba hali, a taɓa fuskarsa a waya, a ja alamar ranar nan da ke fitowa sama kaɗan-kaɗan, a tsaya tun aikin rigar bai ɓace ba. Mai babbar kyamara ya fara da ƙara haske mataki ɗaya, wato +1, ya duba. Irin wannan ƙonewa tana samun jan launi ma: jan rawanin dogari a rana tsaka yakan zama dunƙule guda, ba a ganin naɗinsa.

Abin da ya shafi tsari ya fi sauƙin nunawa, don ga kwalinka a hannu. Sandar lantarki da ta tsiro daga kan ango, bangon da ya jirkice kamar zai faɗi, ƙafar da aka yanke daidai idon sawu, sararin sama da ya cinye rabin hoto ba dalili. Ɗora kwalin, rufe abin, ka tambaye shi: "Da shi ko babu shi?" Bar shi ya amsa da bakinsa.

Gargaɗi guda: kada ka karɓi hoton mutum ka shiga da shi manhaja ka yanke, ka canza launi, ka miƙa masa "ga yadda ya kamata". Sai in shi ya ce ka yi, kuma a kan kwafi.

6. Zaɓi ɗaya

Littafinka yanzu wataƙila yana da aibi shida. Ɗaya za ka faɗa, in ya yi yawa biyu. Wannan shi ne matakin da ya fi yi mini wuya, don baki yana ƙaiƙayi, kuma mutum yana so a san ya gani. Yadda nake zaɓe: wanne ne in aka gyara shi hoton zai fi kusantar abin da mai shi ya ce yana so a mataki na 3? Sannan, zai iya gyara shi gobe da abin da ke aljihunsa yau?

Da na bi wannan da yaron nan, da abin da zan ce kawai shi ne ya durƙusa kusa da hannuwan tsohon har su cika hoton. Da ya yi haka, bokitin ya fita, ƙafar da aka yanke ba ta cikin zance, bangon da ya ƙone ya ragu. Gyara ɗaya mai kyau yakan kwashe uku a hanya.

"Sayi kyamara" ba shawara ba ce. Wanda yake tara kuɗin kati da ƙyar, in ka ce masa matsalarsa waya ce, ka sallame shi ke nan. In da gaske kayan ne suka gaza, misali hoton dare a filin kokowa da ƙaramar waya, faɗa masa gaskiya cewa nan iyakarta ke nan, ka nuna masa abin da take iyawa: ƴan kallo a kusa, makaɗa, ɗan kokowa yana ɗaure layu tun da sauran rana.

7. Yadda ake furtawa

Maganar a kan hoton take, ba a kan mutumin ba. "Ba ka iya tsayar da hannu ba" daban, "hoton nan ya ɗan motsa, ga shaida a bango" daban. Kuma gaba ake kallo: maimakon "ka yi kuskure", ka ce "in ka koma".

Ga ƙane ko ɗalibi, kai tsaye amma da sanyi: "Ƙanena, in ka koma, matsa taku biyu hagu, babur ɗin nan zai ɓuya bayan mai rake." Ga wanda ya girme ka, gyara tambaya take zama. Muna da wani dattijo mai ritaya da ke son ɗaukar tsofaffin gine-ginen zamanin Turawa, na lokacin da Zinder ce babban birnin Nijar kafin a mayar da shi Yamai a 1926. Duk hotunansa ginin yana jingina baya, don yana ɗaga kyamara sama daga kusa. Ban ce masa ya karkace ba. Na ce, "Alhaji, a ƙara mini sani, daga ina kuka tsaya? Ina tunanin ko daga tsallaken titi bangon zai miƙe." Ya yi shiru, ya ce bari ya gwada. Mako na gaba shi ya zo yana koya mana.

Idan mace ce ta kawo hoto, a tuna tana shiga inda mu maza ba ma shiga: wurin ƙunshi, ɗakin amarya, tsakar gida ranar suna. Hasken ɗaki kaɗan ne, hotunan sukan yi duhu ko tsakuwa-tsakuwa saboda ISO ya hau. Kada a ce mata ta fita waje ta ɗauki kasuwa. A ce, "Malama, in kin zaunar da ita kusa da taga, kin kashe fitilar ɗaki don launi biyu kada su haɗu, hannun lallen zai fito." Kuma ita ke da ikon zaɓen wanda za ta nuna wa zaman maza da wanda ba za ta nuna ba, ba a ce mata "wuce na gaba mu gani".

Sai barkwanci. A fadarmu akwai Babarbare da Bafulatani da in ɗaya ya fito da hoto ɗayan zai ce ko saniya aka ba wa waya za ta fi haka. Tsakaninsu ne, wasa ne na gado, kuma ba wanda yake jin zafi. Amma baƙon da ya zo yau bai san wannan ba. In ya ji, nasa hoton ba zai fito daga aljihu ba. Ranar da akwai sabon zuwa nakan ja su gefe in ce a sassauta.

In mutane suna da yawa, mutum ɗaya ya yi magana a lokaci guda, kuma wanda ya fi kowa ƙwarewa ya yi ta ƙarshe. In ya fara, sauran "haka ne" kawai za su yi ta cewa.

8. Raba aibi da son rai

Fuskar da ta yi garara ba da niyya ba aibi ce. Amma hoto mai launi ko baƙi da fari, mutum a tsakiya ko a gefe, wannan zaɓi ne. Akwai ƙa'idar nan ta raba hoto gida uku a tsaye da a kwance a ajiye abu a mahaɗar layuka. Tana taimakon mai koyo, amma wasu sun mayar da ita farilla, duk hoton da mutum ke tsakiya sai su ce ya saɓa. Haka masu cewa dole bayan mutum ya zama fili. Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe shagon hotonsa a 1948, mutanensa a tsakiya yake zaunar da su, sau da yawa a gaban ƙyalle mai zane ga su kuma sanye da tufafi masu zane, kuma hotunansa sun zagaya duniya.

Ni ba na son abin da ke goge fuska ya haskaka ta har tsagar gado ta ɓace daga kumatun tsohuwa. Ina faɗa, amma ina cewa "ni dai a ganina", don a san wannan ra'ayina ne, ba dokar kyamara ba. Wanda ya saba jin ka raba biyun, ranar da ka ce "wannan kam aibi ne" zai yarda da kai.

9. Abin da ba a faɗa a cikin taro

Wani lokaci hoton ya yi kyau, yadda aka samo shi ne bai yi ba. Matar da aka ɗauka a Kasuwar Dole tana kare fuska da mayafi, almajirin da aka ɗauka yana barci a bakin titi, mara lafiya, ko wurin jami'an tsaro, wanda ɗaukarsa kan iya jawo wa mutum tsarewa da ƙwace waya. Wannan ba zancen haske ba ne, kuma faɗarsa a gaban mutane tozartawa ce. Bari a tashi, ka raka shi bakin hanya, ka tambaye shi, "Ta san ka ɗauka?" In ya ce a'a, ka ce kada ya yaɗa shi, kuma ka koya masa abin da ya fi kowace dabara aiki a kasuwa: sallama, gaisuwa, ɗan ciniki, sannan neman izini, sannan a nuna wa mutum hotonsa a waya.

10. Ba shi aiki, ka jira dawowarsa

Kada a rabu a kan magana kawai. A ce ya koma wurin nan, a irin sa'ar nan, ya sake ɗauka da gyaran nan guda. In wurin ba ya komuwa, kamar hawan Sallah da sai wata shekara, a nemo makamancinsa: masu kabu-kabu a kan titi sun isa koyon tsayar da abu mai gudu, kasuwar garin Mirya ta ranar Lahadi kuma ta isa koyon ɗaukar mutum cikin cunkoso. Rubuta a littafinka sunansa, da ranar, da abin da ka ce ya gyara, don kai ma mantuwa kake yi, kuma abin kunya ne ka ce wa mutum matsa kusa yau, jibi ka ce ya cika matsawa.

In ya dawo, a jera tsohon da sabon gefe da gefe, waya biyu a kan tabarma in babu kwamfuta, shi ya fara magana. Sau da yawa za ka tarar ya gyara abin da aka ce, wani sabon aibi kuma ya ɓullo. Bar sabon sai wani zama, yau ranar wanda ya gyaru ce. In kuma ya gwada shawararka hoton ya fi na da muni, hakan na faruwa, ka ce "nawa ne kuskuren" a gaban waɗanda suka ji ka ba da ita.

Idan mako biyu suka wuce bai leƙo ba, kada ka jira. Kira shi, ko ka bi ta unguwarsu da la'asar da taka wayar, ka ce ya zo ya nuna maka wurin da ya ɗauki hoton.